DARASIN WATA: Raba Tankin Mai da Zafin Salansa

Da zarar kaka ta yi, hanyoyin karkara sukan cika da manyan motoci. Wata ta ɗauko masara da dawa za ta kasuwar Dawanau a Kano. Wata ta ɗauko shanu daga Potiskum ko Maigatari. Wata kuma an yi mata lodin auduga ko harawa har ta yi tozo.

Akasarin waɗannan motoci ba haka suka fito daga kamfani ba. Kai da inji da shasi ake saye. Shasi shi ne dogayen ƙarafan nan biyu da komai na mota yake zaune a kansu. Sauran aikin na masu sana'a ne na gida. Kafinta ya ɗora bodin katako, mai walda ya ƙara tanki, makaniki ya ja bututun mai. Wannan sana'a ta daɗe. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 an kafa masana'antun harhaɗa manyan motoci a Nijeriya, kamar Steyr a Bauchi da Fiat a Kano da Marsandi a Inugu, kuma da yawa daga cikin motocinsu a wajen masu sana'a aka ɗora musu bodi. Har yanzu ana ganin tsofaffin Marsandi 911 masu bodin katako suna aiki. A yau kuwa an fi sayen mota ta hannu, a sake mata inji, a tsawaita shasi, a nemo kayan aiki a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano.

Aikin yana kyau, kuma yana da sauƙin kuɗi. Amma akwai wani wuri guda da ake yawan yin sakaci. Mai bodi ya yi nasa ya tafi. Mai tanki ya yi nasa ya tafi. Mai salansa ma haka. Babu wanda ya tsaya ya duba ko aikinsa ya matsi na ɗan'uwansa. Da haka sai a wayi gari tankin mai yana maƙwabtaka da salansa, ko tiyon fetur yana kwance a kanta. Motar da ƙungiyar manoma ta yi shekara uku tana tara kuɗinta tana iya ƙonewa ƙurmus cikin minti goma, da ita da amfanin gonar mutum ashirin.

Zafin da ke jikin salansa

Ana auna zafi da digiri. Jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. Ranar da ake kukan zafi a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, ma'auni yakan nuna 42 ko 43 a inuwa. Ruwa yana tafasa a digiri 100.

To, bakin salansa, watau inda ta haɗu da inji, yakan kai digiri 500 zuwa 700 idan mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu. Da dare akan ga ƙarfen wurin ya yi ja kamar an zaro shi daga maƙera. Tukunyar salansa da ke ƙarƙashin mota ba ta kai haka ba, amma takan wuce digiri 200. Motocin zamani suna da wata tukunya ta musamman mai tace hayaƙi. Ita ta fi tukunyar da aka saba da ita zafi nesa ba kusa ba. A motoci masu shan gas, takan kai kusan digiri 600 sa'ad da take ƙone baƙin hayaƙin da ta tara.

Yanzu a dubi abubuwan da ke kewaye da ita. Tiyon roba na ban ruwa yana fara laushi tun zafi bai kai digiri 80 ba. Tiyon mai na ainihi yana jure abin da ya ɗan wuce 100. Katako yakan kama wuta a wajen digiri 300, amma idan ya daɗe yana shan zafi kullum, sai ya bushe ya zama kamar gawayi, ya kama a zafin da bai kai haka ba.

Fetur da gas ba halinsu ɗaya ba

Ba ruwan fetur ne yake ci da wuta ba, tururinsa ne. Fetur yana fitar da tururi kowane lokaci, ko da sanyin hunturu. Idan ya sha zafi, tururin ya ƙaru. Wannan tururi ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa yake bi, ya kwanta a ƙarƙashin mota, ya taru a rami ko kwata, yana jiran tartsatsi ko guntun taba. Abin da ya faru a garin Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024 ya isa shaida. Tankar fetur ta faɗi, mai ya malala, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Sanadin wannan daban ne da na salansa, amma tururin ɗaya ne.

Gas, watau man da wasu ke kira dizal, ba ya saurin kamawa. Sai ya yi ɗumi ya wuce digiri 50 kafin ya fitar da tururin da ashana za ta kunna. Wannan ya sa direbobi da yawa suka raina shi, suna cewa gas ba ya gobara. Kuskure ne babba. Mai yana iya kamawa da kansa idan ya zuba a kan ƙarfe mai zafi, ba ashana ba tartsatsi. Fetur yana yin haka a wajen digiri 250 zuwa 280. Gas kuwa tun bai kai nan ba yake kamawa. Ga shi kuma fetur yana saurin bushewa, amma gas zama yake yi a kan ƙarfen, yana hayaƙi, har ya ci. Baƙin mai da man birki su ma haka suke. Saboda haka ɗigon gas a kan bakin salansa ba abin wasa ba ne.

Alamun da mota take nunawa

Mota takan yi kashedi kafin ta ƙone. Ga wata alama da kowane tsohon direban a-kori-kura ya sani. Ana cikin tafiya da tsakar rana, mota ta fara shaƙewa, ta yi tari, ta mutu. A yi ta murza makulli ta ƙi tashi. Bayan rabin awa sai ta tashi garau, kamar ba ita ba. Wasu sukan ce sammu ne ko baki. Ba haka ba ne. Fetur ne ya tafasa a cikin bututu. Wani sashe na fetur yana fara tafasa tun daga wajen digiri 40, kuma famfon mai ruwa yake iya ja, ba ya iya jan tururi. Shi ya sa idan yaron mota ya jiƙa tsumma ya ɗora a kan famfo, sai mota ta tashi. Tsumman yana taimako a ranar, amma bai warkar da cutar ba. Cutar ita ce bututun ya yi kusa da zafi.

A mota mai shan gas, alamar ita ce raguwar ƙarfi bayan doguwar tafiya. Gas mai zafi yakan tsinke. Shi ne kuma yake shafe cikin famfo da nozul don kada su ci juna. Idan ya tsinke, famfon ya lalace da wuri, kuma famfon gas yana cikin kayan mota mafi tsada.

Sauran alamu ido da hanci ne suke gane su. Fentin tanki ya kumbura ko ya sake launi ta gefe ɗaya. Tiyo ya ƙandare, ya tsattsage kamar diddige da hunturu. Katakon ƙasan bodi ya yi baƙi. Warin mai ko ƙaurin roba bayan an tsaya. Murfin tanki ya yi huci da ƙarfi idan an buɗe shi.

Hanyoyi uku da zafi yake bi

Kafin a tare ɓarawo, sai an san ƙofar da yake shigowa. Zafi yana da ƙofa uku, kuma dukkansu ana ganinsu a madafa.

Idan aka bar cokalin ƙarfe a cikin tukunyar miya, ba da jimawa ba mariƙinsa zai ƙona hannu. Zafi ya bi jikin ƙarfen ya hau. Haka yake yi idan aka ɗaure bututun mai da salansa a kan maƙali ɗaya.

Wanda ya sa hannu a saman murhu yana jin iska mai zafi tana tashi. Haka iskar da ta shafi salansa take tashi ta daki duk abin da ke samanta. Don haka abin da ke saman salansa ya fi abin da ke ƙasanta shan zafi.

Ta ukun ita ce wadda aka fi mantawa da ita. Masu jin ɗumi da hunturu ba sa taɓa wuta, amma fuskarsu tana ɗaukar zafi. Da wani ya gitta tsakaninsu da wutar, nan take sai su ji sanyi. Wannan zafi miƙe yake tafiya kamar hasken fitila. Duk abin da yake kallon salansa, yana shan sa. Duk abin da aka yi wa inuwa, ya tsira. A tuna da wannan, domin shi ne asirin garkuwar da za a yi bayani a gaba.

Magani na farko shi ne nisa

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Lokacin raba mai da salansa shi ne sa'ad da shasi yake tsirara, ba a ɗora bodi ba. A lokacin ana ganin komai, kuma matsar da bututu bai wuce aikin awa ɗaya ba. Bayan an ɗora katako an buga ƙusa, aikin ya zama na kwana biyu.

Hanya mafi kyau ita ce a raba musu gefe. Idan salansa ta bi dama, tanki da bututun mai su bi hagu. Idan dole su bi gefe ɗaya, to ƙarfen shasi ya shiga tsakani, ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje. Kamfanonin ƙera motoci suna buga littafi domin masu ɗora bodi, kowace mota da nata awon. Wanda ya sami littafin motarsa ya bi shi. Wanda bai samu ba ya riƙe awon da ba ya ɓacewa, watau taƙi. Taƙin babban mutum kimanin santimita 20 ne, wajen inci 8. Kada bututun mai ya matso salansa fiye da taƙi ɗaya. Tanki kuwa a ba shi taƙi ɗaya da rabi ko fiye. Kusa da bakin salansa, inda ƙarfe ke yin ja, a ƙara.

Akwai wani abu a nan da ke yaudarar masu aiki. A gareji mota tana tsaye, ba kaya, komai ya yi daidai. Amma a kan hanya komai motsi yake yi. Inji yana girgiza, salansa tana lilo tare da shi. Ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi. Idan aka ɗora buhu 100, sifirin ya kwanta, bodi ya sauko. Gargadar hanya kuma tana tsinka robar da ke rataye da salansa. Taƙin da aka auna da safe yana iya komawa yatsa biyu da la'asar. Saboda haka a yi awo sau biyu, mota wofi da kuma mota da lodi.

Sai maganar ɗigo. Mai aiki ya kwanta a ƙarƙashin mota, ya dubi kowace mahaɗa, ya tambayi kansa: idan nan ya yi yoyo, ina mai zai sauka? Mahaɗar tiyo, da matatar mai, da famfo, da bakin tanki, kada ko ɗaya ya kasance a saman salansa. Idan babu makawa sai bututu ya ƙetare salansa, to ya gicciye ta a wuri ɗaya ya wuce, kada ya bi ta a tsawonta. Wurin ƙetarewar ya zama ƙarfe zalla, ba mahaɗa, ba roba.

Irin bututun da ya dace

Bututun baƙin ƙarfe irin na mota shi ne na doguwar tafiya daga tanki zuwa inji. Wasu suna son na jan ƙarfe saboda yana da sauƙin lanƙwasawa, amma girgiza tana sa shi ya yi tauri ya tsage, galibi a wuyan noti. Tiyo kuwa gajere ake sawa, a inda inji ke motsi, kuma ya zama na mai, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na mai ne. A nan karatu yake rana. Tiyon ban ruwa da farin tiyon nan da ake ganin ruwa ta cikinsa ba su da wuri a jikin mota. Fetur yana cin su ta ciki, zafi yana cin su ta waje. Araha ba ta ado.

A kama bututun da kilif mai roba a jikin shasi, kowane kamu ɗaya. Kada a ɗaure shi da waya ko tsumma ko igiyar roba. Kada kuma a haɗa shi ɗauri ɗaya da wayar batir. Idan wayar ta goge ta yi tartsatsi, ta huda bututun, an haɗa mai da wuta a wuri guda. Motar gas tana da bututu na biyu mai mayar da ragowar mai cikin tanki. Ana yawan mantawa da shi, alhali shi ma mai yake ɗauke da shi. Bututun birki da tiyon iska su ma suna bukatar wannan kulawa.

Wata al'ada da ya kamata a bari ita ce ɗora jarkar fetur a kan rufin mota ko kusa da direba, a ja tiyo zuwa kafireta saboda famfo ya lalace. Mai yana gangarowa da kansa, ko an kashe inji ba ya tsayawa. Idan tiyon ya zare, jarkar duka za ta juye a kan inji mai zafi.

Garkuwa

Wani lokaci wuri yakan yi ƙaranci, taƙi ɗaya ba zai samu ba. A nan ake sa garkuwa. Garkuwa fallen ƙarfe ne marar kauri da ake sawa tsakanin salansa da abin da ake son karewa, don ya yi masa inuwa.

Yadda ake sa ta ya fi kaurinta muhimmanci. Kada ta taɓa salansa, kada kuma ta manne da tanki. A bar sarari ta kowane gefe, a ƙalla faɗin yatsa ɗaya, biyu sun fi. Iskar da ke ratsawa ta wannan sarari ita take kwashe zafin. Misalinsa ɗakin kwano ne mai silin. Kwano yana ƙuna, amma iskar da ke tsakaninsa da silin tana hana zafin sauka. Idan aka manna silin a jikin kwano, amfaninsa ya ragu ƙwarai. Mai walda da ya liƙa falle a jikin tanki ya ce ya yi garkuwa, bai yi komai ba.

Fallen alminiyam, wanda wasu ke kira sanholo, ya dace da gefen tanki da tukunyar salansa, domin farin ƙarfe mai sheƙi yana mayar da zafi baya kamar yadda farar riga take yi wa rana. Amma yana narkewa a digiri 660, saboda haka kusa da bakin salansa sai baƙin ƙarfe ko ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Kwanon rufi bai dace da wuri mai tsananin zafi ba. Tutiyar da aka shafe shi da ita tana narkewa a wajen digiri 420. Kada a yi wa garkuwa baƙin fenti. A ɗaure ta da noti, ba waya ba, kuma ta fi wurin da take karewa tsawo da faɗi. A ɗan lanƙwasa bakinta don ta yi ƙarfi, kada ta yi ta kaɗawa har ta tsage. Inda zafi ya yi yawa, falle biyu da iska a tsakaninsu sun fi falle ɗaya mai kauri.

Ana kuma sayar da wata riga ta zaren gilas mai farin ƙarfe a bayanta, wadda ake zura tiyo a ciki. Tana da amfani a matsayin ƙari. Ba ta maye gurbin nisa. Naɗe salansa da ƙyallen hana zafi yana rage ƙuna, amma yana riƙe laima ya sa tsatsa, kuma idan ya sha baƙin mai shi kansa ya zama lagwani. Tsofaffin makanikai sun saba da igiyar asbesto. A guje ta. Ƙurarta tana shiga huhu, ta jawo ciwon daji bayan shekaru masu yawa.

Ina bakin hayaƙi ya dosa?

Idan aka tsawaita shasi, sau da yawa ba a tsawaita salansa. Sai ta ƙare a tsakiyar mota, tana hura wa katako da tanki da taya wuta. Lalle ne hayaƙi ya fita waje, gefe ko baya, nesa da bakin tanki. Akwai dalili na biyu. A cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba, ba ta da launi ba ta da wari. Tana hawowa ta tsakanin katako ta sami fasinja ko dabbobi, ta sa ciwon kai da jiri da barci, har mutuwa.

Masu miƙe salansa sama a bayan kan mota su bar taƙi tsakaninta da katako, su kewaye ta da falle mai huji-huji, su kuma tabbata ta fi lodi da tamfol tsawo. Tsohuwar salansa tana tofar da tartsatsi. Mai lodin auduga ko harawa ya san abin da wannan yake nufi.

Tanki shi ma yana numfashi. Mai yana kumbura idan ya sha zafi. Lita 100 ta fetur, idan zafinta ya ƙaru da digiri 20, tana ƙaruwa da kusan lita 2. Wanda ya cika tanki har baki da asuba, da azahar mai zai nemi hanyar fita. A bar sarari kamar lita 5 a cikin kowace 100. Ƙaramin bututun numfashin tanki kuma a juya shi nesa da salansa. Kada a toshe bakin tanki da tsumma ko leda a maimakon murfi. Motocin da aka mayar masu amfani da iskar gas, tukunyarsu da bututunta su ma suna bukatar nisa da garkuwa, kuma wannan aiki na waɗanda aka horar ne kawai.

Walda kusa da tanki

Duk aikin nan yana bukatar walda, kuma a nan ne masu sana'a suke rasa rayukansu. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin cike yake da tururi da iska, kuma haɗuwarsu ce take fashewa. Ɗauraye shi da ruwa sau ɗaya ba ya fitar da tururin. Kafin a kunna wuta a jikin shasi, a kwance tanki a kai shi nesa, a cire kan batir, a toshe bakin bututun mai.

Gwaji kafin a biya cikon kuɗi

Mai mota ya sa waɗannan sharuɗɗa a takardar yarjejeniya tun farko: nisan tanki, irin bututu, garkuwa, da inda hayaƙi zai fita. Wanda ya halarci ajin yaƙi da jahilci zai iya rubuta su da hannunsa, a sa hannu gaban shaidu. Sa'an nan kada ya biya cikon kuɗi sai an yi gwaji.

Gwajin ba shi da wuya. A sami kyandir. A goga shi a jikin bututun mai, da gefen tanki, da katakon da ke saman salansa, har ya bar farin zane. Kyandir yana narkewa a wajen digiri 55 zuwa 60. A ɗora wa mota cikakken lodi, a yi tafiyar awa ɗaya da rana, a haɗa da tudu idan akwai. A tsaya a fili, a kashe inji, a sa giya, a sa weji a taya. A jira minti goma, domin bayan tsayawa iska ta daina ratsawa, zafi yakan taru fiye da lokacin tafiya. Sa'an nan a duba. Inda zanen ya narke ya zube, wurin yana shan zafi fiye da kima, sai a ƙara nisa ko garkuwa. A kuma kai bayan hannu kusa da tanki a hankali. Idan ba a iya barin hannu a jikinsa har a ƙirga goma ba, aiki bai gama ba. Salansa kanta ba a taɓa ta.

Bayan haka dubawa ta zama aikin kowace safiya, tare da duba ruwa da baƙin mai. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da lita 2 ko fiye a kwana ɗaya, kuma tun da aka janye tallafin mai a 2023 kowa ya san darajar lita. Da kaka, ciyawa da ƙaiƙayi suna cushewa tsakanin garkuwa da salansa. A zaƙulo su da sanda bayan mota ta huce. Idan an shiga gona ɗaukar kaya, kada a tsaya a kan busasshiyar ciyawa ko kusa da tarin kara.

Idan wuta ta tashi

A kashe inji nan take. A sauke mutane, a kai su nesa, ta inda iska take fitowa. Kada a wangale murfin inji, domin iska tana ƙara wa wuta ƙarfi. A ɗan ɗaga shi, a fesa abin kashe gobara mai gari ta ƙafar. Idan babu, a zuba yashi ko ƙasa. Ba a zuba wa wutar mai ruwa, domin mai yana hawa kan ruwa ya bi shi duk inda ya gangara. Idan wuta ta isa tanki ko lodi, a bar motar a tsira da rai. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, suna tambayar abin kashe gobara a kan hanya. A rataye shi kusa da ƙofar direba, ba a ƙarƙashin buhuna ba, a kuma riƙa duba allurarsa ko tana kan kore.

Aikin aji

1. Tanki yana cin lita 200. Idan za a bar sararin lita 5 a kowace 100, lita nawa za a zuba?

2. Mota tana zubar da lita 2 kullum. Lita nawa ta zubar a kwana 30? A tambayi kuɗin lita a gidan mai mafi kusa, a lissafa hasarar.

3. Kowane ɗalibi ya auna taƙinsa da rula, ya rubuta santimita nawa ne.

4. Ranar kasuwa, malami ya nemi izinin wani direba, ya kai ɗalibai su ga mota bayan ta huce. Su nuna tanki da bututun mai da salansa, su auna tsakaninsu da taƙi, su rubuta abin da suka samu a littafinsu.